Mazarin Da Kakata Ta Ce In Ɗauka

Assalamu alaikum Edita, tare da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubutowa game da rayuwarsu, ina cewa a raina ni ba ni da labarin bayarwa, tunda ban taɓa sata ba, ban gudu daga gida ba, ban ɗaga wa babba murya ba. Daga baya ne na gane ana iya cutar da mutum cikin fara'a, shi ma yana yi maka fara'a. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin ina da shekara ashirin da uku, na gama kwalejin ilimi, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a cikin garin Gaya. Ni mai shiru-shiru ce, mai son zama ita kaɗai, mai rubuta 'yan baitoci a bayan littafin darasi sannan ta ɓoye. Tun ina ƙarama tsofaffin kaya suke jan hankalina. Idan na ga akushi baƙi wuluk an yar da shi a bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki, sai in ji kamar dattijo aka bari a rana. Da na fara aiki sai Baba ya ba ni wani ƙaramin ɗaki da a da ake ajiye buhunan gero a ciki, na share, na sa kafinta ya kafa mini katakai a bango, na fara tara kaya. Akwai akusa huɗu, da kujerar tsuguno da zama ya goge ta har tana sheƙi, da gizago, da tandun kwalli na fata, da zungurun lalle, da adudu, da ƙwarya mai zane da wata Bafulatana ta ba ni, da wani sungumi da ƙotarsa ta lotsa daidai wurin riƙo. Kowanne na yanka ɗan kwali na rubuta sunansa da garin da na samo shi. Yayyena maza suka sa wa ɗakin suna gidan tarihi, ni kuma suna kirana Hajiya Tsohuwa, suna cewa duk wanda zai aure ni sai ya zo da lefen ƙoƙo da ludayi. Ba na jin haushi. A ganina ceton kayan nake yi.

Ranar Asabar nake fita. In cika jaka da robobi da kofunan silba da ƙananan kuloli, in hau babur zuwa ƙauyukan Ajingi, in yi sallama gidajen da na san akwai tsofaffi. Ba na tayawa da kuɗi, musaya nake yi, kuma matan suna murna, suna yi mini dariya a bayan idona wai ga malamar da ke ba da sabo ta karɓi tsoho. Umma, mahaifiyata, ta taɓa ce mini in riƙa bambance abin da aka yar da abin da aka ajiye. Na ce mata to, amma maganar ba ta shige ni ba.

Mahaifiyar Umma tana Gafasa, muna kiranta Iya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, mai tsabta, mai bakin barkwanci. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi. Tana kirana ƙawata, ina kiranta yarinya, kullum na je sai ta tambaye ni ko har yanzu samarin Gaya makafi ne, ni kuma in ce ai ita ta kwashe su. A bayan ɗakinta tana da 'yar gayauna, ba ta shuka komai a ciki sai kuɓewa da auduga. Duk abin da nake tunawa na ƙuruciya a Gafasa yana tare da ƙarar mazarinta. Da hantsi, bayan an gama surfe, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta jawo taskirarta, ta ɗauki sutun auduga a hannun hagu, ta dangwali alli da yatsun dama, ta kafa tsinin mazarin a cikin wani ɗan ƙoƙo, ta murza. Sai ka ji firrr, zare yana fitowa daga audugar siriri kamar ba hannu ke jan sa ba. Ina kwance da kaina a cinyarta, ina kallon gululun yumɓun nan yana juyawa har zanen jikinsa ya ɓace, har barci ya ɗauke ni. Mazarin na mahaifiyarta ne. Sandar ta yi baƙi saboda gumin hannu, kuma a samanta akwai wani ɗan lotsi daidai girman babban yatsa.

Ranar da abin ya faru lokacin kaka ne, an gama yankan gero, ita ma ta tsince audugarta ta tara a ƙwarya. Na same ta tana kaɗi kamar kullum. Na zauna, na karɓi mazarin ina juya shi a hannuna, na yi ta yabo. Na ce ban taɓa ganin gululu mai kyan zane irin wannan ba, na ce duk kayan ɗakina babu kamarsa, na ce irin wannan bai kamata a bari ya lalace ba. Ban roƙa da baki ba, amma na yabe shi sau uku, kuma ban mayar da shi taskira ba. Iya ta kakkaɓe allin yatsunta a zane. Sannan ta yi dariya ta ce to ƙawata, in yana burge ki ɗauki mana, ai naki ne.

Edita, babu Bahaushen da bai san wannan ɗauki ba. Idan ka yaba abin mutum ya ce ka ɗauka, kara ce ya yi maka, kai ma kara ake jira ka yi masa. Ka yi godiya, ka ce Allah ya bar zumunci, ka ce ka bar masa ajiya, ka mayar da hannunka. Ni da nake koyar da al'ada a aji na fi kowa sani, har tambaya na taɓa yi wa ɗalibaina a kai. Amma a ranar na yi kamar ban sani ba. Na ce na gode yarinya, na warware ɗan zaren da ke jikinsa na miƙa mata, na naɗe mazarin a hankici na sa a jaka. Na ciro wata kula mai ruwan hoda na ajiye mata. Ta ɗaga kular ta juya ta, ta ce oh, yau ita ma ta zama 'yar birni, ta tambaye ni ko ta nan ake zura audugar. Muka yi dariya mu biyu. Ta raka ni har bakin zaure, ta ce in gaida 'yarta. Na hau babur zuciyata fari tas.

Da na koma gida na yi masa abin da nake yi wa sauran kayan. Na wanke shi da sabulu, na goge baƙin nan na jikin sandar. Na ga gululun yana ɗan motsi, sai na ɗiga masa gam na manne shi. Sannan na shafa masa man nan da kafintoci ke shafa wa kujera ta yi ƙyalli. Na ɗora shi a katakon da ya fi kowanne tsayi, na rubuta a kwali: Mazari, Gafasa, ana kaɗi da shi a da. Har yau idan na tuna kalmomin nan biyu na ƙarshe sai kunya ta kama ni. A da. Alhali da ɗumin hannunta na ɗauko shi.

Rani ya shiga, aikin makaranta ya yi mini yawa, kuma na karkata zuwa wasu ƙauyukan da ban taɓa shiga ba, na yi wata da watanni ban leƙa Gafasa ba. Umma takan je ta dawo. Sau biyu ta kawo mini saƙo. Na farko ta ce Iya ta ce a tambayi ƙawarta ko baƙon nata ya saba da garin. Na yi dariya na ce a gaya mata har ya yi ƙiba. Na biyu ta ce Iya ta ce ko ƙawarta ta gama kallon. Na ce a gaya mata kallo bai ƙare ba. Umma ta dube ni ta ce ita dai ta ga tsohuwar ta yi sanyi, zama kawai take yi a gindin darbejiya hannu a cinya, audugar bana ma tana nan a ƙwarya ba a taɓa ba. Na ce ai shekaru ne, gara ma ta huta, me za ta yi da zare a zamanin da yadi ya cika kasuwa. Umma ba ta san dalilin kaɗin ba, ni ma ban sani ba, babu wanda ya taɓa tambaya. Mun ɗauka abin ɗebe kewa ne irin na tsofaffi.

Da bazara, ana jiran ruwan farko, aka ba ni labarin wani tsohon masaƙi a Toranke, wai shi kaɗai ya rage mai masaƙar gargajiya a wannan yanki. Na yi shiri na tafi da niyyar in rabo shi da ƙoshiyarsa, abin nan mai kama da ɗan kwale-kwale da ake jefa zare da shi. Na same shi a rumfa a ƙofar gidansa, dattijo mai farin gemu, masaƙar a rufe da tsohon buhu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ga abin da ya kawo ni, na fara yabon da na saba. Bai ce in ɗauka ba. Ya ce 'yata, ki yi haƙuri, da bara kika zo ma ba zan ba ki ba, bana ma haka, domin akwai aiki guda da ke wuyana, in na gama shi ki zo ki kwashe har da rumfar. Na tambaye shi wane aiki ne. Ya ce wata baiwar Allah ce daga Gafasa, shekara shida ke nan tana aiko masa da zare kaɗan-kaɗan, audugar gayaunarta, kaɗin hannunta, yana saƙa mata fari yana ajiyewa. Likkafaninta take haɗawa. Ya ce ta gaya masa da irin sa aka rufe mahaifiyarta, ita ma tana so ta tafi cikin abin da ta san asalinsa tun daga iri. Ya ce saura kaɗan ya cika, abin da ya rage bai wuce na ɗankwali ba, audugar shekara guda ta isa. To amma bana shiru. Ya aika a tambaya, aka ce masa tana nan da ranta, ta ce a gaya masa mazarinta ya tafi karatu birni.

Na zauna a ƙasa. Ya tambaye ni ko lafiya, ya sa aka kawo mini ruwa a moɗa. Na sha. Na yi masa sallama, na koma Gaya, na ɗauko mazarin daga saman katako, ban ko cire mayafina ba na sake hawa babur zuwa Gafasa. La'asar ta yi lokacin da na isa.

Tana zaune a wurin nan dai, a kan tabarmar nan dai. Ta ce maraba da ƙawata, yau an tuna da mu. Na durƙusa a gabanta na warware hankicin, sai hawaye. Ta karɓa, ta kai shi kusa da idonta, ta shinshina, ta ce iye, ashe kwalliya aka yi masa, ango ya dawo. Na ce Iya me ya sa ba ki gaya mini ba. Ta ce ta gaya mini me, ita da bakinta ta ce in ɗauka, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa bin kyauta a baya ba, ba za ta fara a kan jikarta ba. Na ce me ya sa ba ki aro wani ba. Ta ce ta aika gida biyu da ta san suna da shi, duka aka ce mata ai jikarki malama ta musanya shi da roba. Ta faɗi haka tana dariya, har da tafa hannu. Game da likkafanin kuwa ta ce ba abin shela ba ne, in 'ya'yanta suka ji za su ce haba Iya, su sayo mata alawayyo bandir guda su ce an gama, ita kuma ba shi take so ba.

Ta sa na ɗauko taskira. Ta dangwali alli, ta kafa mazarin a ƙoƙo, ta murza. Ya sulluɓe. Man da na shafa ya sa sandar santsi, allin ba ya kama ta. Na samo ɓallin kwalba na kankare man a hankali, na goge da toka. Ta sake murzawa, ya juya amma yana rawa, domin ashe motsin nan na gululun da na ɗauka lalacewa ce, da shi take daidaita nauyinsa, ta ɗan ɗaga shi ko ta sauke gwargwadon zaren da ya taru. Ni kuma na manne shi wuri guda, kuma ba a iya ɓamɓare shi sai yumɓun ya fashe. Ta ce a bar shi, za ta saba. Amma babbar matsalar ba a jikin mazarin take ba. Wata bakwai yatsunta ba su yi aikin ba, sanyin ƙashi ya samu wuri ya zauna. Ta ja zaren ya tsinke, ta ƙulla ya sake tsinkewa. A karo na huɗu ta ajiye, ta dubi hannunta kamar na wani, ta ce to, sun yi ritaya, irin ta ma'aikata. Sannan ta tura mini taskirar ta ce tunda ni na kai shi makaranta, sai in zo ya koya mini abin da ya karanto.

Daminar nan duk a Gafasa na yi ta. Kowace Juma'a in an tashi daga makaranta sai in tafi, da aka yi hutu kuma na tare gaba ɗaya. Ta koya mini gurzar auduga a kan dutse don fitar da gurya, da shiɓa da ɗan baka, da naɗa sutu. Kaɗin ne ya gagare ni. Zarena yana fitowa wani wuri kamar igiyar guga, wani wuri kamar yanar gizo. Takan shafa shi ta ce wannan in aka sa mata a kabari ba za ta runtsa ba, sai ta yi ta susa har tashin ƙiyama. In ce ai gara, kada ta yi nauyin barci a tashi a bar ta. Ta yi dariya har ta yi tari. Daga baya ta ce a bar zarena a yi ɗankwalin da shi, kanta da tauri, zai jure. Waɗannan watanni su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma mafi ciwo. Ruwa na sauka a kan rufin kwano, ƙamshin ƙasa na shigowa, tana ba ni labarin matan da ta yi kaɗi tare da su a tsakar gida guda, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, duk sun rasu. Na gane duk kwalayen da na rubuta a ɗakina babu wanda ya ɗauki ko rabin abin da take faɗa a zama guda.

Sai dai hannuna bai yi saurin da ake bukata ba. Abin da take kaɗawa a kwana uku ni sai in yi mako biyu, kuma rabinsa masaƙin ya dawo da shi ya ce ba zai hau masaƙa ba, tsinkewa zai yi. Lokacin da gero ya fara fitar da kai na fara samun zare mai kyau, har ta shafa ta ce yanzu na zama mutum. Na ce mata nan da sati uku zan cika. Ta ce Allah ya kai mu. Ranar wata Alhamis da safe, bayan ta sha kunu, ta ce kanta yana sarawa za ta ɗan kishingiɗa. Ba ta tashi ba.

Kawuna ya tafi Toranke a kan babur ya karɓo farin da aka saƙa. Matan da suka yi mata wanka suka warware shi a ɗaki, suna shafawa suna salati, wata tsohuwa a cikinsu ta ce rabonta da ganin irin wannan tun tana amarya. Ya isa riga, ya isa zane, ya isa abin naɗewa. Da aka zo kan ɗankwali sai aka duba babu. Zarena yana nan a jikin mazari, a cikin taskira, a bayan ƙofa. Aka aika kanti aka yanko alawayyo. Ina tsaye na ji ƙarar yaga shi, wannan ƙarar ta sabon yadi, kuma har yau ba na iya tsayawa kusa da mai yankan yadi a kasuwa. Kafin azahar an kai ta. Na san ba yadi ke kai mutum aljanna ba, malamai sun gaya mini, Umma ma ta gaya mini, ta ce Iya ba ta tafi da ni a zuciya ba. Na yarda. Amma abu guda ta roƙa wa kanta a duniya, ta yi shekara shida tana haɗa shi zare-zare ba ta dami kowa ba, ni kuma na zo da murmushi da kula mai ruwan hoda na gutsure ƙarshensa.

Bayan sadakar arba'in na buɗe ɗakin nan na Gaya na fara mayar da kaya. Wasu masu kayan sun yi dariya sun ce in riƙe, da gaske ba sa so, kuma yanzu na iya gane dariyar gaske. Wasu sun rasu. Amma matar da na karɓi kujerar tsugunonta ta rungume ta kamar ɗa, ta ce tun da na tafi da ita bayanta bai daina ciwo a bakin murhu ba, kuma ita ma a ranar ɗauki kawai ta ce. Ban daina son tsofaffin kaya ba, ɗakin yana nan, sai dai abin da ke ciki ya ragu, kuma ba na ɗaukar komai sai na zauna na ga mai shi ya wuni bai nema ba. Masaƙin Toranke ya saƙa mini zarena, ya fito ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu, mai gargada. Ya ce in zo in kwashe masaƙar kamar yadda ya yi alkawari. Na ce Baba na gode, na bar maka ajiya.

'Yan uwana masu sha'awar kayan da, musamman mu da muka yi karatu muke ganin mun fi masu kayan sanin darajarsu, ina roƙonku ku tsaya ku tambaya kafin ku miƙa hannu. Tsofaffinmu ba sa cewa a'a, ba a koya musu ba, nauyin ganewa a kanmu yake. Idan tsohuwa ta ce miki ɗauki, dubi yatsunta tukuna, ki ga ko akwai alli a jiki. Ni bana na shuka auduga a gayaunar Iya. Da hantsi nakan zauna a gindin darbejiyar in murza mazarin, yana juyawa yana ɗan rawa saboda gam ɗin da na ɗiga masa, kuma ba zai daina ba.